Ɗan Jan Maɓallin da Ke Bayan Kwamfuta

Aminci ya tabbata a gare ku, 'yan'uwana masu karanta ni. Yau da sanyin zuciya na zauna rubutu, rabon da in ji ƙirjina sakayau haka har na manta. Wadda ta riga ta san ni ta yi haƙuri in ɗan maimaita saboda baƙi.

Sunana Zinariya, 'yar Alhaji Labaran mai atamfa, haifaffiyar Treichville, layin da ke bayan babban masallaci. Kakana ne ya taso daga Maraɗi, mu kuwa a Abijan muka buɗe ido. Yawancin sa'o'ina Faransancinsu ya fi Hausarsu gudu. Ni dai littattafan da direbobin Kano ke kawo wa Inna ne suka rene ni, shi ya sa bakina bai karye ba.

Sana'ata kuma ita ce ta jawo duk wannan labari. Ni DJ ce, amma ta mata zalla. Wunin biki, suna, walima, nan ake samuna. Abin da ya fito da ni daban shi ne karawoke: in cire muryar mai waƙa in bar kiɗa, baitoci su riƙa fitowa a tele, wato talabijin, mace ta riƙe makirufo tana bi. Waƙoƙin aure na kakanninmu ma na zauna da Gwaggo Rakiya, yayar Baba, tana rerawa ina bugawa. Sai ku ga yarinyar da ba ta iya haɗa gaisuwa da Hausa ba sai ta tsoma Faransanci, ta kafa wa tele ido tana rera waƙar da aka yi wa kakarta ranar kai amarya, tsofaffi suna share ƙwalla da bakin zani. In na ga haka, wallahi ji nake kamar don wannan aka halicce ni.

Kuma abin da ya sa mata ke nemana ba ɓoyayye ba ne. In DJ namiji ne, matan aure a takure suke wuni, mayafi a ka, rawa sai dai ta kafaɗa. In ni ce, ana rufe ƙofar gida kowa ta tuɓe mayafinta ta sake.

To, sai ga abin da ya faru da damina a wani biki a Adjamé. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta Yaya Ja'afaru nake aro a lokacin, yayana ke nan. Ana tsakiyar rawa ta ɗauki zafi ta sandare, ni kuma ban san ta inda ake taɓa ta ba. Na ruɗe na kira shi daga waje, shi kuma ya faɗo tsakiyar mata ba sallama mai ƙarfi. Wata da zanin tebur ta rufe kanta. Wasu sun yi dariya, amma maganar ta zaga gari: 'yar Alhaji Labaran ta ce wa mata su sake, sannan ta shigo musu da ƙato. Bayan haka Yaya Ja'afaru ya koma Yamai da kwamfutarsa, na zauna hannu biyu.

Maganar ta kai har kunnen Hajiya Balaraba, mahaifiyar Yaya Badar.

Badaruddeen ke nan. Ku bar ni in ɗan tsaya a kansa, don in na ambace shi alƙalamina ba ya son wucewa. Dogo ne, mai sanyin magana, 'yan Kano ne su, gidansu a Adjamé. A kamfanin fiton kaya yake aiki a bakin tashar jiragen ruwa, shi ke zirga-zirga tsakanin kwastan da kwantenoni. Kullum in ya zo zance rigarsa tana ƙanshin turaren wuta na ɗakin Hajiyarsa, a ƙarƙashi kuma akwai ɗan warin gas na manyan motoci, kuma ni har warin nake so. Bai taɓa ce min in bar sana'ata ba. Amma manya ba za su zo wurin Baba ba sai Hajiya ta ɗaga kai, Hajiya kuwa ta ce ita ba ta yanke hukunci da jita-jita. Za ta zo wunin bikin Iklima, 'yar Gwaggo Rakiya, ta zauna ta gani da idonta.

Inna ba ta ɓoye min komai ba. Tana tankaɗe gari ta faɗa min, ko kallona ba ta yi. Ta ce in namiji ya sake taka tsakiyar mata saboda ni, to sana'a ta ƙare, kuma kada in yi tsammanin Hajiya Balaraba za ta aiko da ko goro ɗaya.

Ni kuma ko kwamfuta ba ni da ita.

Akwai wata siririya, ruwan azurfa, da na daɗe ina zuwa kallo a kasuwar kayan wuta ta Adjamé, wadda muke kira Bilak. Na riga na gama hango kaina da ita a hammata, ina shiga gidan biki ana kallona. Ina cikin wannan mafarkin, ranar Talata da yamma, sai ga Anti Ummul-Khairi, yayar Badar, ta yi sallama cikin leshi ruwan toka da ɗaurin nan nata mai tsini, direban taksi na biye da ita da wani ƙaton kwali. Ta ce saƙon ƙaninta ne, daga wata kwantena da ta iso daga Amirka.

Kun san dai ba a buɗe kayan saurayi a gaban danginsa. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo bisap mai sanyi, zoɓonmu na nan, na sunkuyar da kai kamar ban san da kwalin ba, alhali idona kamar ya huda shi. Sai da ta tafi na yage. Ba siririyar azurfa ba ce. Wata baƙar akwati ce mai tsayi, irin ta ofis, nauyi kamar dutsen niƙa, da allonta daban.

Na ce, “Inna, wannan ai sai da amalanke.”

Ta ce ko da raƙumi ne da ita zan je. Uwar yaro za ta zo ta ga an ajiye kyautar ɗanta an ɗauko wata? Ta ce in rufa mata asiri.

Washegari da hantsi Inna ta tafi kasuwa, na ce bari in gwada. Na shimfiɗa mata ɗankwali a kan teburin ɗaki, na jona allo, na yi bisimilla na cusa wayarta a bango.

Wani irin ƙara ta yi, tas, kamar an fasa kwalba. Wani shuɗin haske ya fito ta bayanta, sai hayaƙi siriri, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Na fizge wayar na zauna daɓas a ƙasa. Ban yi kuka nan da nan ba. Sai da na tuna fuskar Yaya Badar, na tuna Asabar ce biki, na tuna Hajiya, sannan hawaye suka ɓalle. Na kunna turaren wuta har kasko biyu don kada Inna ta dawo ta shinshino.

Ina cikin fifita hayaƙin da murfin kwano wayata ta yi ƙara. Shi ne.

“Zinari, kin kunna ta?”

Na daɗe ina kallon saƙon. Mutum ya ɗauko abu tun daga Amirka, ya aiko yayarsa takanas, in ce masa na ƙone shi kafin ya kwana biyu? Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na tura: “Ta yi kyau sosai, Yaya. Allah ya ƙara buɗi.”

Ya sake turowa: “Ba matsala dai? Komai lafiya?”

“Lafiya lau.”

Ya kira ban ɗauka ba, don na san muryata za ta tona ni. Ku yafe min, 'yan'uwa, kunya ce.

Da safiyar Alhamis na naɗe akwatin da tsohon zanin Inna kamar jaririya, na ce zan kai a zuba min waƙoƙi. Na tari jan taksi, muka haye gada, muka ratsa unguwar Filato, ni dai ina rungume da gawa a cinya ina salati. Adjamé kuwa kun san ta. Tun daga bakin tasha 'yan kamasho ke ihun Buwake, Bamako, Yamai, masu dako na ture mutane, mai soya aloko, ayabar nan ta suya, na gefe hayaƙinta na shiga ido. Ina shiga Bilak samari suka yo caa, wannan “Tanti, zo ki gani,” wancan “Ma chérie, wayar ce ko tele?” Na ƙanƙame kayana na nufi lungun Kawu Kailu.

Duk Bahaushen Abijan in abin wutarsa ya lalace wurin Kawu Kailu yake kaiwa. Mutumin Tawa ne, tsohon abokin Baba, shagonsa bai fi ɗakin girki ba, kwamfutoci a jibge har rufi, cikinsu a buɗe. Na gaishe shi, na roƙe shi don Allah kada Baba ya ji. Ya kwance zanin, ya kai hancinsa bayan akwatin ya shinshina sau ɗaya, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

“'Yar Amirka ce ko?”

Na ce eh.

Ya juyo min da bayanta, ya nuna wani ɗan jan maɓalli da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Ya ce wutar Amirka rabin tamu ce. Duk wadda ta fito daga can sai an tura wannan ɗan abu gefe kafin a jona ta, in ba haka ba tamu ta yi mata yawa. Mu nan mun saba da kayan Faransa, wutarmu ɗaya da su, sai mu jona kawai. Ya ce shi kansa da 'yan Amirkan suka fara shigowa sai da ya ƙone biyu a gaban mai kaya.

Na ce, “Kawu, ta mutu ke nan?”

Ya kwance gefenta, ya zaro wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai fanka da wayoyi, ya ce wannan shi ke karɓar wuta ya raba wa sauran, shi ya ƙone. Ya ɗauko wani ya jona na gwaji, ya danna. Fanka ta juya. Ta yi ɗan ƙara, ƙit, allo ya kawo haske.

Ban san lokacin da na zauna a kan wani mataccen tele ba. Na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga, Kawu na yi min sannun 'yan Abijan, “Yako, 'yata, yako. Sha ruwa.”

Ina shan ruwan na ji sallama a bayana. Muryar da ko a cikin barci na ji zan gane. Na juya, ga Yaya Badar tsaye cikin farar riga mai dogon hannu, ya yi gumi sharkaf, rungume da wani abu a naɗe cikin sallaya. Ya dube ni, ya dubi baƙar akwatin da ke kwance cikinta a buɗe, ya dubi tsohon zanin Inna. Ni kuma na dubi sallayar. Ƙasan wata baƙar akwati ne ke leƙowa.

Kawu Kailu ya miƙa hannu ya karɓa, ya shinshina, ya ce, “To. An yi tagwaye.”

Ashe guda biyu ya saya daga kwantenar, ɗaya tawa, ɗaya ta teburinsa. Jiya da safe ya jona tasa a ofis, ta yi tas ɗin nan, har mai shayin bakin ƙofa ya zubar da buta. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka duk kayan ruɓaɓɓu ne, shi ne ya turo yana tambaya ko na kunna. Da na ce ta yi kyau, sai ya ce a ransa to tasa ce kaɗai mai ciwo, ya yi shiru da bakinsa don kada in raina kyautar.

Ya ce, “Ta yi kyau sosai, ko?”

Na rufe fuska da mayafi. “Ai ta yi kyau, Yaya. Ban ce ta yi aiki ba.”

Dariya muka yi har Kawu ya ce mu fita masa daga shago in zance muka zo yi. Ni kuwa wani dutse ne ya sauka daga ƙirjina. Kwana na yi ina tsara yadda zan ɓoye masa, ashe shi ma kwana ya yi.

Da dariyar ta lafa sai Yaya Badar ya dube ni. Ya ce Anti Ummul-Khairi ta faɗa masa fuskata ba ta nuna murna ba da na ga girman kwalin, kuma ya san siririyar da nake so, Iklima ta tsegunta masa. Ya ce mu bar wannan jibgegiyar a nan, mu tsallaka shagon can ya ɗaukar min ita yanzu.

'Yan'uwa, ga ta can ina hango ta cikin gilashi tana walƙiya. Zuciyata ta ce tashi. Har na gyara mayafi.

Sai idona ya koma kan baƙar akwatin da ke buɗe. Komai nata a fili yake, kowane abu da mazauninsa, hannu na shiga ya fita. Na tuna ranar damina, ina tsaye a kan ta Yaya Ja'afaru tana ƙuna kamar dutsen guga, ba ƙofa ba taga, ba abin da na iya sai kiran namiji. Na tambayi Kawu, in siririyar ta sandare a tsakiyar biki me zan yi? Ya ce in kawo masa. Na ce wannan fa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan ko makaho ya san inda zai taɓa, in an nuna masa sau ɗaya.

Na ce, “Yaya, taka nake so. Amma sai an yi mata kayan ɗaki.”

Nan fa na zage. Na ce ina son katin hoto mai baki biyu, ɗaya ya tafi allona inda nake zaɓen waƙa, ɗaya ya tafi tele inda mata ke karanta baiti, don kada amarya na tsakiyar rerawa a ga ina bincike a fuskar tele. Na ce ina son ɗan akwatin sauti mai hanyar kunne daban, in saurari waƙa ta gaba ni kaɗai kafin in sake ta a sifika. Wannan darasi ne na sha: akwai waƙar da farkonta lami lafiya, tsakiyarta kuwa ba ta shiga kunnen surukai. Kawu ya ƙara mata ƙwaƙwalwa don kada ta riƙa tunani kafin ta buɗe waƙa, ya ce ma'ajiyarta babba ce, za ta ɗauke duk abin da na tara har da saura. Ya kawo fanka ƙatuwa saboda zafin rumfa. Yaya Badar kuma ya dage sai an haɗa da ondilar, ɗan akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, don kun san yadda bana ake raba mana duhu unguwa-unguwa.

Kawu ya ɗauki sukundireba zai fara, na ce ya ba ni.

“Ke da lallenki?”

“Kawu, ranar Asabar ba ka cikin gidan. Ni ke ciki.”

Sai ya miƙo min. Na cire warwaro na ba Yaya Badar ya riƙe, na naɗe hannun riga. Ni na ɗaura sabon akwatin wutar, ni na zaunar da katin hoton, na danna shi har ya ce ƙas. Kawu ya sa na cire na mayar, na cire na mayar, har yatsuna suka haddace. Yana ta mita wai 'yar Labaran ta zo ƙwace masa sana'a. Da muka gama ya manna wa ɗan jan maɓallin salatif don kada wani ya taɓa. Ta Yaya Badar ma ni na tura mata nata, yana tsaye da warwarona a tafin hannu, yana kallona wani irin kallo da ba zan iya rubuta muku ba.

Sukundirebar Kawu ya ce in tafi da ita. Na jefa ta a jaka tare da hoda da jan baki.

Asabar ta zo. Tsakar gidan Gwaggo Rakiya an ja tampol, an jera fararen kujeru, ankonmu koriyar shadda da ɗinkin zare ruwan gwal. Ƙanshin aceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi ya gauraye da humra. Maza suna waje a bakin titi, Kawu Kailu na cikinsu, injin wuta kuma na gefensu an zuro wayarsa ta kan katanga. Bayan azahar aka rufe ƙofa, mayafai suka fara sauka.

Ban da na Hajiya Balaraba. Ta shigo da Anti Ummul-Khairi. Hajiya farar mace ce mai jiki, cikin wani babban mayafi ruwan madara, ta zauna a sahun gaba dab da teburina. Ta amsa gaisuwata da kai. Mayafin nan ta ja shi har goshi ta riƙe bakinsa a haɓa, kamar mai jiran a buɗe ƙofa kowane lokaci.

Na fara. Sauti ya fita garau. Ƙawayen amarya suka yi ta karɓe-karɓen makirufo, na sa musu na zamani suka taka, na sa na yaren Jula saboda maƙwabta. Wajen la'asar na sako waƙar kai amarya ta su Gwaggo. Hassana, ƙanwar Iklima, wadda ko “ina kwana” sai ta ce bonjour, ta tsaya gaban tele tana bin baiti ɗaya bayan ɗaya, Iklima na kuka a kafaɗar ƙawarta.

Nan aka ɗauke wuta.

Sifika suka yi ɗif, ondilar ya fara kukansa, allona dai na nan da haske. Na ce a raina ba komai, inji zai tashi. Sai wata baiwar Allah ta zabura za ta je ta buga wa maza ƙofa su tayar, ƙafarta ta harɗe wayar tele, ta fizge ta da ƙarfin da har akwatin ya gusa. Inji ya tashi, fanka ta dawo, amma allona da tele duk sun yi baƙi ƙirin.

Gwaggo Rakiya ta ɗaga murya, “A kira Kailu, yana waje.”

Ku zo ku ga hannuwa. Kowa ta fara lalube, wannan a bayan kujera, waccan a jaka. Wata har ta kama sakatar ƙofa. Na dubi Hajiya. Ba tele take kallo ba, ni take kallo.

Na ɗauki makirufo, shi dai yana aiki. Muryata ta fito a sifika, ni kaina ban gane ta ba. Na ce, “Iyayena, kowa ta bar mayafinta inda yake. Ba mai shigowa. Gwaggo, ai ke kika koya min waƙar, ja mana ita da tafi.”

Gwaggo ta harare ni, amma ta ja. Tsofaffi suka amsa. Ni kuwa na tattare shaddata na shige ƙarƙashin tebur. Na kashe akwatin, na zare wayar wuta, na zazzage jaka, hoda ta yi gefe, jan baki ya gangara, na damƙi sukundireba. Na buɗe gefen. Ga katin hoton nan ya ɗaga daga mazauninsa, ya karkace. Na yi bisimilla na daidaita shi, na danna. Ƙas. Na ɗaure shi tamau, na mayar da wayoyi, na kunna, na kifa goshina a kan gwiwa ina jin tafin mata a saman kaina.

Ƙit.

Da na fito, ɗankwalina ya zame, gwiwar shaddata ta yi ƙura. Na nemo waƙar na sake ta. Baitoci suka dawo fuskar tele, kiɗan ya shiga ƙarƙashin tafin kamar dama tare suka taso, aka rangaɗa guɗa. Wadda ke riƙe da sakata ta sake ta ta dawo fili.

Sai na ga Hajiya Balaraba ta saki bakin mayafinta. A hankali ta zare shi daga kanta, ta ninke shi gida huɗu, ta ɗora a cinyar Anti Ummul-Khairi. Ta miƙe, ta gyara ɗaurinta, ta shiga fili. Rawar manya ta yi, ƙafa ba ta barin ƙasa, amma kafaɗun nan sun san abin da suke yi. Na hango Inna a bakin madafa ta toshe baki da hannu.

Dab da magariba, ana kwashe kujeru, Anti Ummul-Khairi ta zo ta ce Hajiya na kira. Na je na durƙusa. Ta kamo hannuna ta juya shi, lalle ga baƙin ƙura, ga ɗan ƙwarzane a yatsa. Ta ce tun da aka daina kiɗan ƙwarya aka koma kawo samari da manyan sifika, ba ta ƙara taka rawa a gidan biki ba sai yau. Ta ce ƙafafunta ma sun yi mamaki.

Na ce, “Allah ya ƙara lafiya, Hajiya.”

“Amin. Ki gaya wa Innarki ta faɗa wa Alhaji, baƙi na nan tafe bayan Juma'a.”

Ƙasa na kalla, don in na ɗago za ta ga abin da ke idona. Wayata na ta zillo a jaka, na san ko wane ne, na san kuma me yake tambaya.

Hajiya ba ta saki hannuna ba. Ta ɗan matso, ta rage murya.

“Abu ɗaya ne ya dame ni, 'yar nan. Ranar naki, kina lulluɓe a ɗaki, ba fitowa za ki yi ba. Ni kuma na riga na cire mayafi, ba na mayarwa. Wa zai kunna mana?”

Duk Treichville da Adjamé, mace ɗaya ce ke wannan aiki, ga ta nan durƙushe. Na juya na dubi tsakar gidan, 'yan mata na ta naɗe tabarmi suna dariya, ba wadda ta taɓa ganin cikin kwamfuta a cikinsu. Sannan na dubi ɗaya hannun nawa. Ashe har yanzu ina riƙe da sukundirebar.